Katin Girafik Mai Tsada: Ko Ya Dace da Matashin Daura?

A shagunan wasan kwamfuta da na masu tace bidiyon biki a Daura, sunan RTX 4090 ba baƙo ba ne a bakin matasa. Shi ne katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, wanda kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar a watan Oktoban 2022 a kan dala 1,599. Ƙanensa RTX 5090 ya biyo baya a Janairun 2025 a kan dala 1,999. Tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin kati ɗaya ya zarce naira miliyan biyu, ba a zo ga kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa ba tukuna.

Ƙarfinsa kam babu jayayya. Ma'adanar 4090 gigabait 24 ce, ta 5090 kuma 32. Wasa yana tafiya sumul a kan allon 4K, ana ganin haske yana faɗawa kan ruwa da gilashi yana dawowa yadda yake a zahiri. Amma a ganina, amfaninsa na gaske a wurin sana'a yake. Mai ɗaukar hawan Sallar Gani da ya dawo da bidiyon sa'o'i masu yawa, ko ɗalibin Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke zana gada ko layin dogo, ko mai koyon ƙirƙirarriyar basira, zai ga aikin da kan kwana yana juyawa ya ƙare kafin la'asar.

Sai dai ina wutar? Katin 4090 kaɗai yana jan wat 450, 5090 kuma 575, har Nvidia ta ba da shawarar a haɗa 5090 da na'urar rarraba wuta mai wat 1,000. Kuɗin mita ba shi ne babbar damuwa ba. Damuwar ita ce wutar KEDCO ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙaramin janareton shago ba zai ɗauki wannan kaya da allo da fanka ba, dole sai inbata da batura da sola, wani jarin daban ke nan.

Ga kuma zafi. A watan Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 a masarautar nan, kuma katin da ya ɗau zafi yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, ka biya kuɗin ingarma kana tafiyar jaki. Lokacin hunturu, buɗe akwatin kwamfutar da ta yi wata biyu a shago: ƙura ta yi kauri a fukafukan fankokin, ta toshe ramukan iska. A 2022 ma an samu rahotannin narkewar bakin wayar wutar 4090 idan ba a cusa ta da kyau ba. In hakan ta faru a nan, sai a nufi Titin Beirut a Kano neman mai gyara, garanti kuwa yana can ƙetare. Bayan haka, wanda ke wasa ta intanet ya sani cewa kati ba ya maganin rashin sabis.

Shawarata ga matasanmu da iyayen da ke taimaka musu da jari: a fara tanadar wuta mai ɗorewa da ɗaki mai iska, sannan a sayi matsakaicin kati. Babban kati sai ga wanda aikinsa zai mayar masa da kuɗinsa.