Dillali da Farashin Gida a Wad Haddad

Wanda ya tashi daga Wad Madani ya nufi Sinnar, kogin Shuɗin Nilu yana hagunsa, zai ratsa Wad Haddad. Yanki ne da Hausawa suka daɗe a cikinsa. Wasu zuriyar maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, wasu kuwa jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har ya kafa garin da ake kira da sunansa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai da yawa suka sami abin yi, suka kafa gida.

A irin waɗannan ƙauyuka gida abin gado ne, ba a saba kai shi kasuwa ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya canza wannan. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar wannan shekara, sojoji ba su karɓe ta ba sai a Janairun 2025, kuma a tsakanin nan iyalai da dama sun watse, wasu Gadarif, wasu Fot Sudan, wasu har Masar. Da ƙura ta ɗan lafa, wani ya dawo ya tarar ba ƙofa ba taga, wani kuma ya riga ya kama zama a wani gari, yana son kasonsa a hannu. A nan ne dillali, wanda Larabawan Sudan suke kira simsar, yake shigowa cikin maganar iyali.

Mu fara da yadda yake nuna gidan. Dillalin da ya san aikinsa ba ya kawo mai saye sai an share tsakar gida, an kwashe tarkace, an gyara ƙyauren zaure, domin ido shi yake fara ciniki kafin baki. Wannan ba laifi ba ne. Amma ƙasar Jazira baƙar laka ce, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, bango kuma yana bin ta. Saboda haka ba gidan da ya rasa labarin tsaga. Akwai dillalin da zai ja mai saye ya nuna masa tsagar, ya faɗi shekarar da aka ɗinke ta, ya nuna inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta. Akwai kuma wanda zai sa a yaɓe wurin ana gobe za a zo, a shafa farar ƙasa. Na biyun yakan sayar da wuri, ba mu musa ba. Sai dai a fiƙihun Malikiyya, wanda jama'ar nan suke bi, aibi babba da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da abin, kuma a ƙauyen da kowa yake sallar Juma'a da kowa, damina ɗaya ta isa ta tona asiri.

Takarda ma cikin nunin gida take. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, shi ya sa gidan da yake da shahadar bahas daga ofishin ƙasa ba a yi masa kuɗi ɗaya da wanda hiyaza kawai gare shi, wato shaidar cewa iyalin sun daɗe zaune a wurin. Dillalin da ya rufe baki a kan wannan har ranar biya, ya ɓata wa kowa lokaci.

Maganar farashi ita ce ta fi wuya. Wani dillali yakan faɗa wa masu gida kuɗin da ya san ba wanda zai biya, don kawai a ba shi gidan a hana abokin sana'arsa. Masu saye na gaskiya su taya, a ce albarka, su tafi ba su dawo ba. Gida ya yi wata shida a bakin dillalai, sai a fara tambaya: rigimar gado ce, ko wani abu ne a ciki? Daga ƙarshe a sallama shi ƙasa da tayin farko.

Amma a Sudan jinkiri yana da wata cutar dabam. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana guda, yaƙi kuma ya ƙara durƙusar da shi. Kuɗin da aka yanka wa gida bara yana iya zama araha bana, kuma wanda ya yarda a biya shi kashi-kashi cikin watanni zai iya karɓar ragowar da ba ta sayi rabin abin da ya yi tsammani ba. Dillali mai amana yakan faɗa wa gwauruwa ko marayu wannan tun kafin su amsa.

Sai a lura kuma da inda ribarsa take. Alal misali, in la'adarsa biyar ce cikin ɗari, ƙarin miliyan ɗaya a kan gida dubu hamsin kawai zai ƙara masa, saboda haka saurin sallamawa ya fi masa daɗi a kan haƙurin mako biyu. Akwai kuma masu cewa a ba su gida a kan kaza, abin da ya ɗoru nasu ne. Malamai sun saɓa a kan halaccin wannan, mu dai ba mu so wa iyalin da bai san farashin yau ba. Wanda ba a saɓa wa haninsa ba shi ne najashi, wato a ajiye wani yana ta ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don a hura wa mai saye wuta.

Ranar biya, ko da kuɗin ta Bankak zai shigo, a tara shaidu a rubuta. Kowane magaji, har da 'ya'ya mata da ke aure a wani gari, sai an ji yardarsa daga bakinsa, wanda yake Alƙahira ko Jidda kuwa ya aiko da takardar wakilci kafin dillali ya karɓi ko kafin alƙalami.