Maganin Ƙarfin Ƙashi: Tsaya Tukuna Kafin Ka Fitar da Kuɗinka

Duk mai shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ko mai tsayawa a tashar mota a Daura, ya saba da amsa-kuwwar masu tallan magani. Da can maganin basir ne da na sanyi. Yanzu an samu sabon kaya: robobi masu ƙyalli, an rubuta musu kalsiyam, bitamin D ko kolajin, a ce daga Amurka ko Dubai aka kawo su. Tallan ma ya bar kasuwa ya shiga waya, ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Waɗanda ake farauta kuwa sanannu ne: tsofaffi, matan da ke zaune a gida, ma'aikatan da ke wuni a kan kujera, da masu jinyar wanda ya daɗe a kwance. Alkawarin guda ne, wai in kana haɗiyar ƙwaya ɗaya kullum, ƙashinka ba zai lalace ba ko da ba ka motsa ba. Wannan alkawari ba gaskiya ba ne.

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi a matsayin busasshen abu, alhali kuwa yana da rai, jini na ratsa shi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba sa hutu: waɗansu na rushe tsohon ƙashi, waɗansu na gina sabo. Abin da ke umartar masu ginin su tashi aiki shi ne nauyi, wato dukan ƙafa a ƙasa da jan da tsoka ke yi wa ƙashi. Tun a 1892 wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Kalsiyam tamkar tubali ne: ko ka jibge shi a ƙofar gida har ya tare hanya, katanga ba za ta tashi ba in ba a kira magini ba. Idan mutum ya daina motsi, rushewa na ci gaba, gini na ja baya, kalsiyam ɗin da ke cikin ƙashi ya zubo cikin jini ya fita ta fitsari.

Ba wanda ya fi 'yan sama jannati sanin wannan. A sararin samaniya jiki ba shi da nauyi, kuma hukumar NASA ta Amurka ta auna cewa ƙasusuwan ƙugu da na baya sukan yi asarar kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙarfinsu a kowane wata. Mutane ne da likitoci ke auna musu kowace loma. Da ƙwaya na wadatarwa, da ita za a ba su a huta. Amma sai da aka kai musu injinan motsa jiki can sama, suna shafe kimanin awa biyu kullum suna gudu da turin nauyi.

Mu dawo gida. Kakanninmu a Baure, Zango da Sandamu ba su san kalmar kalsiyam ba, amma ƙasusuwansu ba su rasa aiki ba. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga, ta ɗora tulu a ka. Namiji ya taka da ƙafa zuwa gona da gatari a kafaɗa. A ƙauyuka har gobe haka ake. A cikin gari ne al'amura suka sauya: injin niƙa ya karɓi aikin turmi, ɗan ga-ruwa ya karɓi na guga, babur da Keke Napep suka karɓi na ƙafa, har ana hawa babur zuwa masallacin da ake jin kiran sallarsa daga zaure. Ba ina cewa a koma wahalar da ba ce, sauƙi rahama ne. Sai dai jiki bai san an samu ci gaba ba, abin da aka ɗora masa kawai ya sani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kassara iyayenmu da sunan tausayi. Hajiya ta ɗauki tsintsiya, jika ya ƙwace. Ta miƙe za ta leƙa maƙwabta, a ce, “Hajiya, don Allah ki zauna ki huta, me za ki je yi?” A kawo mata buta, a kawo mata abinci har bakin gado, ɗanta na Abuja ya aiko da robar maganin ƙashi mai tsada, kowa hankalinsa ya kwanta an yi wa uwa hidima. Ga shi mace da zarar al'ada ta ɗauke mata ƙashinta yakan shiga zaizayewa da sauri, saboda raguwar sinadarin da ke kare shi. Zaizayewar ƙashi kuma ba ta ciwo, ba ta sallama. Wata rana santsin makewayi ya ɗebe ta, faɗuwar da yaro zai tashi yana dariya, ita sai ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, kwanciyar kuma ta ƙara cinye ƙashin da ya rage. Haka yake ga wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da wanda maɗori ya ɗaure wa ƙafa aka bar shi wata da watanni bai taka ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

To, su ƙwayoyin fa, an gwada su? An gwada, kuma a kan dubban mutane. A 2006 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mata fiye da 36,000 da al'ada ta ɗauke musu. Rabi an ba su kalsiyam miligiram 1,000 da bitamin D kullum na kimanin shekara bakwai. Ƙashin ƙugunsu ya ɗan ƙara kauri, amma a jimlace karaya ba ta ragu yadda za a kafa hujja da ita ba, sannan masu samun tsakuwar ƙoda sun ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. A 2022 wani binciken kan mutum kusan 26,000 ya nuna cewa bitamin D shi kaɗai bai rage karaya ga masu lafiya ba.

Kada a ɗauka ƙarin kalsiyam ba shi da amfani ko kaɗan. Yana da shi, ga wanda ya rasa. A Jos, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun duba yara 123 masu lanƙwasassun ƙafafu, suka wallafa sakamakon a 1999. Yaran na samun rana, amma kalsiyam ɗin da ke abincinsu kimanin miligiram 200 ne kawai a wuni. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Daga baya aka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. Wannan darasi namu ne, domin tuwon gero da na dawa da na masara ba su da kalsiyam sosai, alhali babban mutum na buƙatar kimanin miligiram 1,000 a wuni, mace da ta haura hamsin kuma wajen 1,200. Masu juna biyu a inda abinci ke da ƙarancinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a ba su ƙarin kalsiyam, don rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga. Amma wannan a wurin awo ake tsarawa, ba a bakin tasha ba.

Ga mai cin abinci yana yawo da ƙafarsa, kasuwarmu ta ishe shi. Nono da kindirmo, cuku, miyar kuka, zogale, riɗi, busasshiyar kuɓewa, da ƙananan kifin da ake taunawa har ƙaya, duk suna ɗauke da kalsiyam. Kuɗin roba ɗaya ta shigo-da-ita zai sayi kindirmon makonni. Bitamin D kuwa fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, rana kuma ba ta yi wa Daura rowa ba. Wanda zai iya rasawa shi ne majinyacin da ya wuni a ɗaki labule a sake, ko macen da ba ta fitowa ko tsakar gida. A fito da su hantsi. Kanwa kuwa, duk da farinta, ba kalsiyam ba ce, dangin gishiri ce, yawan gishiri kuma ƙara fitar da kalsiyam yake yi ta fitsari.

Shan ƙwayoyin nan barkatai yana da nasa haɗari. Wanda ke kwance, ƙashinsa na zubar da kalsiyam cikin jini, in aka ƙara ɗura masa wani, ga zafin bazara ga ƙarancin shan ruwa, an share wa tsakuwar ƙoda hanya. Bitamin D ba ya fita da sauri, taruwa yake yi a jiki, idan ya yi yawa ya jawo amai, ƙishirwa da lahani ga ƙoda. Kalsiyam kuma yana hana maganin ƙarin jini da irin su ciprofloxacin da tetracycline shiga jiki idan aka sha su lokaci guda.

Mafi muni shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a wasu kemis, a ce na ciwon jiki ne ko na gaɓoɓi, da kuma “sha ka fashe” da 'yan mata ke sha don ƙiba. Sau da yawa a ciki akwai dexamethasone ko prednisolone. Suna kashe zogi nan take, shi ya sa mai sha ke rantsuwa da su. Amma cikin magungunan da ke cinye ƙashi babu kamarsu, idan aka ɗauki watanni ana sha. Wanda ya riga ya saba da su kada ya yanke lokaci guda, hakan ma haɗari ne. Ya je likita ya rage masa sannu a hankali. Lambar NAFDAC a jikin roba wajibi ce a duba, amma ba ita ce shaidar cewa duk abin da mai talla ya faɗa gaskiya ne ba.

Idan tsoho ya fara ranƙwafawa, tsawonsa na raguwa, ko ya karye daga ƙaramar faɗuwa, wannan ya wuce sayen ƙwaya. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Akwai magungunan zaizayewar ƙashi na gaske, likita ne ke rubuta su, shi ne kuma zai faɗi ko ana buƙatar kalsiyam da adadinsa. Mai jinyar wanda ke kwance ya tambayi ma'aikatan sashen gashin ƙashi yaushe za a fara zaunar da shi da tsayar da shi, kada a jira sai ya “ji ƙarfi”.

'Ya'ya da jikoki, gare ku nake. Ku bar Hajiya ta share ɗakinta, ta tsince shinkafa a tsakar gida, ta taka zuwa gidan barka. Baba in zai iya, ku raka shi masallaci a ƙasa, ku riƙe masa hannu in hanya ba kyau. Ku gyara santsin makewayi, ku sa fitila a hanyarsa. Robar da kuka riga kuka saya kuwa, ku kai wa likita ya duba kafin a ci gaba da sha.