Sabuwar Mota, Wace Taya? Shawara Ga Masu Bin Titin Kumbotso Zuwa Kura

Duk shekara idan aka kwashe amfanin noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuɗi kan shigo hannun jama'a, kuma mota na cikin abubuwan da ake fara saye. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, shi ya mayar da wannan yanki rumbun shinkafa da alkama da tumatir. 'Ya'yan waɗanda suka fara noma da ruwan nan su ne yau dilolin shinkafa da masu injinan casa da fataken tumatir na Kwanar Gafan. Da yawansu sun yi gida a Na'ibawa ko Panshekara ko Ɗanbare, kullum suna kan hanya tsakanin gari da gona. Matasan cikinsu kuwa ba motar dakon kaya ce a ransu ba. Sun fi son ƙaramar Mercedes ko BMW ko Lexus, mai kwanciya ƙasa, mai faffaɗan wili da siririyar taya.

Ba a daɗewa wannan siririyar taya ke kai mai ita shagon taya. Wani rami ne ya sa gefenta ya yi ƙulu, ko ƙusa ta huda ta inda faci ba ya kamawa. A nan ake rabuwa biyu. Wasu su ce lallai sai irin wadda motar ta zo da ita daga kamfani, ko da za a jira a kawo ta daga Legas. Wasu su ce taya ai taya ce, tunda ta shiga wilin magana ta ƙare. Ra'ayina shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, amma masu magana ta biyu su ne suka fi jefa rayuka cikin haɗari.

Tayar kamfani ba a ɗauko ta da ka. Kafin sabuwar mota ta fito, kamfaninta kan zauna da masu ƙera taya irin su Michelin, Continental, Pirelli ko Bridgestone, a yi ta gwaji har a sami wadda ta dace da nauyin motar, da burkinta, da shan manta, da yadda ake son sitiyarinta ya amsa hannu. Shi ya sa za ka ga alama ta musamman a gefen irin waɗannan tayoyi: tauraro ga BMW, harufan MO ga Mercedes, AO ga Audi, harafin N da lamba ga Porsche. Motar da aka ƙera don gudu ta fi kowace dogara da wannan zaɓi, domin duk ƙarfin injinta da kaifin burkinta suna isa ƙasa ne ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Wanda ya nace sai tayar kamfani yana da hujja.

Sai dai injiniyan da ya yi wannan zaɓi titin Jamus ne a gabansa. Bai san burjin da ke bin gefen magudanan ruwa a Kadawa ba, bai san yadda damina ke cinye bakin kwalta a hanyar Karfi zuwa Bunkure ba, kuma bai yi lissafin cewa a watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40 ba. Motoci da dama na BMW suna zuwa da tayar da ake iya tafiya da ita bayan ta sace, wajen kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, saboda haka ba a sa musu safaya. Dabara ce mai kyau a ƙasar da shagon taya ke kowace kwana. A nan kuwa gefenta mai tauri yana aika kowane rami kai tsaye zuwa wili da shokazoba, tana da tsada, samunta yana da wuya, kuma masu ƙera ta da yawa ba sa yarda a yi mata faci bayan an taka ta ba iska. Wanda ya canza ta da tayar da aka saba bai yi laifi ba, muddin ya canza duka huɗun ya kuma tanadi safaya da jak.

Abin da ba a taɓawa shi ne lambobin da kamfani ya rubuta. Suna nan a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, suna nan kuma a gefen tayar kanta. Ɗauki misalin 225/40 R18 92Y. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 40 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 90. Sannan 18 girman wili ne a inci. Biyun ƙarshe su ne mutane suka fi tsallakewa, alhali su ne masu riƙe da rai: lambar tana faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, harafin kuma yana faɗin iyakar gudun da za ta jure. Harafin T na nufin kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Wani zai ce ai ba zai taɓa kai wannan gudun ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata ya kai ba. Amma harafin shaida ce ta yadda tayar ke jure zafin da ke taruwa a cikinta, kuma zafi shi ne babban abin da ke kashe taya a ƙasarmu. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, ko a nauyi ko a gudu.

Inda nake ganin mai mota a yankin nan yana da damar gyara zaɓin kamfani shi ne tsayin gefen taya. Motar da ta zo da 225/40 R18 sau da yawa tana karɓar 225/45 R17, idan wilin ya wuce burki ba tare da gogawa ba. Tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, bambancin milimita uku ne kacal, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba, amma gefen ya tashi daga milimita 90 zuwa 101. Wannan ƙarin shi ke shanye ramin da da ya lanƙwasa wili. Matasa da yawa akasin haka suke yi: su cire wilin kamfani su sa mafi girma don ado, tayar ta ƙara sirancewa, sai ka ga wata biyu ba su rufa ba an koma wajen mai gyaran wili. A kuma lura, wasu motocin gudu tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi. Irin waɗannan ba a musanya musu gaba da baya, ba a kuma sa musu girma ɗaya don neman sauƙi.

Duk wannan magana ce ta sabuwar taya. Gaskiyar kasuwarmu ita ce mafi yawan masu mota ba tsakanin sabuwa da sabuwa suke zaɓe ba, tsakanin sabuwa da ta Beljiyam ne, wato tsohuwar da aka shigo da ita daga waje. Akwai dalilin da ya kawo mu nan. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kuma matsalar wutar lantarki da tsadar sarrafawa na cikin abubuwan da suka kore su. Ƙasar da ke noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta koma sayo taya daga waje da dala. Duk lokacin da naira ta faɗi, sabuwar taya ta ƙara nisa da talaka, tsohuwa ta ƙara kasuwa, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su.

Na fahimci direban tasi ko mai ɗaukar kwandunan tumatir da ya sayi ta Beljiyam don ba shi da yadda zai yi, ko da yake shi ma ina jiye masa tsoro. Wanda ban fahimta ba shi ne mutumin da ya fitar da miliyoyi ya sayi motar da ke kai 200 cikin ɗan lokaci, sannan ya je kasuwar Ƙofar Ruwa yana neman tayar da wani ya jefar a Turai. Ba wanda ya san tarihinta: ko ta taɓa dukan dakali, ko an taka ta ba iska, ko ta shekara nawa a rana. Wasu ana sake yanka musu zane da wuƙa a shafe su da baƙi su yi ƙyalli. Wasu kuma tayoyin hunturu ne, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka haɗa robarsu ta yi laushi don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. A ɗora irin wannan a kwaltar Kano da tsakar rana, sai ta yi ta cinyewa da sauri, burki kuma ya ƙara tsawo. Ko sabuwar ma a duba ta, domin hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu a kwantena, abin da ke karya wayoyin da ke riƙe da bakinsu tun kafin su hau mota.

Shekarun taya ba ɓoyayyen abu ba ne. A gefenta, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an ƙera ta a mako na 23 na 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wa'azin shekara huɗu. Kamfanonin mota da dama sun ce shida, Michelin kuma ya ce a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai biyar, kada ta wuce goma ko da zanenta bai suɗe ba. A zafi irin namu, da motar gudu, ƙaramin adadin ya fi kusa da hankali. Wannan ya shafi har wanda ya sayo motarsa ta Kwatano yana alfahari cewa tayoyin kamfani ne a jikinta. Idan motar ta shekara takwas, tayar kamfanin ma tsohuwa ce.

Sai batun iska, wanda ba ya cin ko sisi amma ake wasa da shi. Masu faci da yawa sukan ɗura 45 ko 50 ga kowace mota, wasu ma da bugun hannu suke aunawa ba da geji ba. Adadin da ke jikin taya iyakarta ce, wanda ya dace da motarka yana takardar ƙofa, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗumama. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ce ke cinyewa, motar ta rage kama ƙasa. Ta yi kaɗan, gefe ya yi ta lanƙwasa yana tara zafi har zanen ya rabu da jiki. Abin da ya faru da motocin Ford Explorer masu tayar Firestone ke nan. A watan Agusta na 2000 aka janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, mutum sama da 200 suka rasu a Amurka, matsalar kuma ta fi bayyana a wurare masu zafi irin su Saudiyya da Benezuwela da kudancin Amurka. Tayar kamfani ce, sunan kamfani bai hana ta fashewa ba. A gida ma ba mu manta ranar 6 ga Maris, 2016 ba, lokacin da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a titin Kaduna zuwa Abuja. Binciken FRSC ya ambaci gudu da fashewar tayar baya.

Tun da aka sake gina titin Kano zuwa Zariya, ƙafar direbobi ta ƙara nauyi a kan totur daga Tamburawa har Kwanar Ɗangora. Titi ne da ke ratsa kasuwanni da garuruwa, da babura ɗauke da buhunan shinkafa, da yara masu tsallakawa zuwa makaranta. Tayar da ta fashe a nan ba mai motar kaɗai take ɗauka ba.

Hukuncina ga mai sabuwar mota shi ne ya more tayar kamfani muddin tana da lafiya kuma shekarunta ba su ja ba. Ranar canji, sunan da ke jikinta ba wajibi ba ne, amma nauyi da harafin gudu da sabuwar ranar ƙira wajibi ne, daga dila mai ba da rasit, a canza biyu-biyu ko duka huɗu, a yi balansin da alaimen. Ina kira ga jami'an FRSC da ƙungiyoyin masu faci na Kumbotso da Kura da Bunkure su zauna tare a koya wa kowane mai faci karanta waɗannan lambobi, a tabbatar yana da geji mai aiki. Iyaye masu saya wa 'ya'yansu irin waɗannan motoci kuma su sa kuɗin sababbin tayoyi huɗu cikin kuɗin motar tun kafin su miƙa makulli.