Itatuwan Bakin Titi da Hayaƙin Motoci

Babu saɓani tsakanin ma'abota hankali cewa itace ni'ima ne daga ni'imomin Allah, kuma duk wanda ya taɓa ratsa titunan Maiduguri da azahar, ƙarƙashin inuwar dogon yaro, ba ya bukatar a kafa masa hujja. Amma mas'alar hayaƙin mota tana da tafsili, domin itacen da yake tace iska a wani titi, shi ne yake tsare ta a wani.

Hayaƙin da ke fita daga salansa, musamman na motar dizal, yana ɗauke da ƙura mai laushin da ido ba ya riskarta, alhali tana shiga har can cikin huhu. A 2012 ma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke hukunci cewa hayaƙin dizal yana jawo sankarar huhu. Ganye yana kama wani kaso na wannan ƙura, kuma wanda ya shafa ganyen bakin tasha zai ga shaida baƙi ƙirin a yatsansa. Sai dai babban mai korar hayaƙi iska ce.

Idan titi ya kasance matsattse, benaye sun tsaya masa dama da hauni, iskar da ta bi ta kan rufi takan faɗo ciki ta yi juyi ta ɗebe hayaƙin; idan kuwa manyan itatuwa suka haɗa kawunansu a sama, sai su zama murfi a kan tukunya, hayaƙi ya rasa mafita, ya taru daidai hancin mai talla da ɗan adaidaita. Masana a Karlsruhe ta Jamus sun tabbatar da haka, bayan da suka ƙera ƙananan tituna suka riƙa hura musu iska.

A buɗaɗɗen titi hukuncin ya sha bamban, kuma a ganina nan ne ya kamata masu tsara gari su fi mai da hankali, don gajeren shinge mai duhuwa, wanda ya shiga tsakanin mota da mutum, ya fi doguwar bishiya kariya. A 2013, a garin Lancaster na Ingila, an jera ƙananan itatuwa a ƙofar wasu gidaje na bakin titi, sa'an nan aka auna ƙurar da ke kwantawa a gilashin talabijin na ciki, aka tarar ta ragu da fiye da rabi.