Injin ɗumama gida ya tsaya, aljihu ba nauyi: wace shawara za a ɗauka?

Da zarar sanyi ya kankama a Amurka da Kanada, injin ɗumama gida yakan zama abin da rayuwa ta rataya a kansa. Yawancinsu da gas suke aiki: wuta ta kama a ciki, fanka ta hura ɗumin ta bututu zuwa ɗakuna. Ranar da ya tsaya, 'yan'uwanmu mazauna can kan sha shawarwari daga ko'ina. Wasu na ceton aljihu, wasu kuwa na iya cin rai, don haka ya kamata a tantance su.

"In ya ƙi tashi, sai an kira mai gyara." Ba kullum ba. A fara duba batirin ma'aunin zafi da ke bango, sannan makunnin da ke jikin injin, wanda ya yi kama da na fitila, sai akwatin wutar gida. Murfin injin ma in bai zauna daidai ba, ba zai tashi ba. Sababbin injuna suna da bututun roba da ke fita waje, kuma dusar ƙanƙara kan toshe bakinsa. A cikin injin akwai ƙaramar fitila mai ƙyaftawa. A ƙirga ƙyaftawar, a duba ma'anarta a takardar da ke manne a murfi.

"Filta mai datti na iya kashe inji." Gaskiya ne. In ƙura ta toshe ta, iska ba ta ratsawa, zafi ya taru, injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Siririyar filta ana sauya ta duk wata 1 zuwa 3, kuma kuɗinta kaɗan ne. In kuwa wuta tana kamawa ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, sau da yawa ƙaramar sandar ƙarfen da ke tabbatar wa injin cewa wuta ta kama ce ta yi dauɗa. A kashe lantarkin injin, a kwance ta, a goge a hankali da samfefa mai laushi.

"Ƙure ma'auni, gida zai yi saurin ɗumi." Ƙarya ne. Injin gama-gari ƙarfinsa ɗaya ne, sai dai ya daɗe yana cin gas. Abin da ke rage kuɗi shi ne sassautawa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce rage digiri 7 zuwa 10 na Farenhait na awa 8 kullum na iya rage har kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara.

"Rufe ƙofofin iska na ɗakunan da ba kowa." Wannan ma ba ya taimako. Iskar da aka tare takan matsa wa fanka, ta tara zafi, a koma matsalar da filta mai datti ke jawowa.

"Kafin a gyara, a kunna obin ko a hura gawayi." Wannan ce shawara mai kisa. Mun san ta tun daga gida, inda kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu ya sha halaka mutane cikin barci. Iskar kabon monokzayid da obin da gawayi ke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya ne alamunta, kuma hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta ce tana kashe Amurkawa fiye da 400 a shekara ba tare da gobara ba. Masu cewa hanci zai ji sun haɗa ta da gas, wanda aka sa masa warin ruɓaɓɓen ƙwai da gangan. In an ji wannan warin, kada a taɓa makunni. A fita, a kira kamfanin gas daga waje. Hita ta lantarki ma tana son kula: ita ta haddasa gobarar Bronx ta 9 ga Janairu 2022, wadda ta ci mutum 17, yawancinsu 'yan asalin Gambiya.

"Duk mai gyaran da ya ce tukunyar zafi ta tsage, cuta yake so." Tukunyar zafi ita ce ƙarfen da ke raba hayaƙin wutar injin da iskar da ke zuwa ɗakuna. Akwai macuta, amma tsagewar gaskiya ce, kuma takan bar guba ta shiga iskar ɗaki, musamman a injin da ya kai shekara 15 zuwa 20. Ganau ya fi jiyau: a ce ya nuna tsagar, a nemo wani ya duba, amma injin ya zauna a kashe har sai an tabbatar.

"Marar kuɗi ba shi da mafita." Ba haka ba ne. Tun 1981 Amurka ke da shirin LIHEAP mai tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin ɗumi, wasu jihohin har da gyara. Lambar 211 kan nuna hanya. Ɗan haya a birnin New York kuwa, doka ta wajabta wa mai gida ya ba shi ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, in ya ƙi a kira 311.

Batir, makunni da filta aikin kowa ne. Bututun gas, wuta mai ruwan ɗorawa maimakon shuɗiya, da cire wayar kariya don injin ya daina mutuwa, nan hannu zai tsaya. Wanda kuɗinsa bai wuce na abu ɗaya ba, ya sayi na'urar da ke ƙara in ta ji kabon monokzayid, ya ɗaura ta kusa da ɗakin barcin yara.