Butar Shayi da Tukunyar Ɗumame a Bakin Iyakar Jibia

Tsakanin Magama ta Jibia da Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, babbar sana'a ita ce jira. Direban babbar mota na jiran takardunsa su fito daga wajen kwastan, dillalin dabbobi na jiran saƙo daga Maraɗi, ɗan canji na jiran ya ji yadda sefa ta kwana. Mai jira kuwa bakinsa ba ya zama haka nan. Shi ya sa duk inda aka sami inuwar bedi ko rumfar kwano, za a tarar da ɗan murhun waya cike da garwashi, da ƙaramar buta shuɗiya a kai, maza huɗu ko biyar sun kewaye ta. Gefe guda ga kilishi a takarda, ga dabino, ga cukwi, ga aya ko soyayyiyar gyaɗa. Babu mai ce wa wannan cin abinci, taɓa baki ne kawai, amma yakan ci rabin yini.

A bayan katangun gidajen garin kuma wata wutar ce ake hurawa, tun ba a fito daga sallar Asuba ba. A kanta ake ɗora tuwon jiya a ɗumama, a dama koko, a soya ƙosai. Wuta biyu ke nan a gari ɗaya, kuma sau da yawa aljihu ɗaya ne ke sayen gawayin waccan da itacen wannan. Dalili ke nan da ya sa ya dace a ɗora su a sikeli.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan rabo ba. A kudancin Sifaniya, a yankin Andalus, akwai garin Heres wanda ya taɓa zama a hannun Musulmi har zuwa 1264, daga baya ya zama garin kan iyaka tsakanin Kiristocin Kastila da daular Garnaɗa. Mutanensa sun shahara da wata giyar inabi da suke kurɓa a ƙananan kofuna, suna haɗa ta da 'yan ƙananan faranta na zaitun da cuku da kifi. Giyar haramun ce a gare mu, ba ita ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne tsarin zaman: kurɓi kaɗan, ɗanɗani kaɗan, hira mai yawa. A kudu maso yammacin Amurka kuwa, ƙasar da take ta Meksiko ce kafin yarjejeniyar 1848, abin alfaharin gida shi ne kalacin safe mai nauyi na ƙwai da wake da wainar masara da miyar barkono. Jibia na da irin zaman farko, tana da irin girkin na biyu, sai dai da butarta da tukunyarta.

Shayin da ake magana a nan ba na mai tebur ba ne, mai Lipton da madara da burodi da wainar ƙwai. Wancan yana da matsayinsa, shi ne uwar matafiyi da gwauro, kuma da ka tsallaka Ɗan Isa za ka ga burodin ya sauya ya zama dogon nan na Faransawa. Wanda ake nufi shi ne shayin Buzaye, na koren ganye, wanda ake dafawa sau uku da ganye ɗaya. Na farko baƙi ƙirin ne, mai ɗacin da ke ɗaure harshe, wanda bai saba ba sai ya ji kansa na juyawa in ya sha shi da wofin ciki. Na biyu ya yi sauƙi, an ƙara sukari, wani lokaci da na'ana'a ko kanumfari. Na uku kusan ruwan zaƙi ne, shi ake miƙa wa yaron da aka aika sayen gawayi. Mai dafawa yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa cikin ɗan kofin gilashi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya. Ba a yi masa gaggawa. Wanda ya ce "Malam, yi sauri mota za ta tashi" ya nuna baƙo ne a wurin.

Daɗin abin yana wajen haɗi. Ɗacin kofin farko da dabino ake kashe shi, musamman busasshen nan da ke zuwa daga Ingal da sauran dausayoyin jihar Agadas. Cukwi kuwa, wanda matan Buzaye da Fulani ke yi da madara su shanya shi ya zama falle-falle, in an ɗan gasa shi a garwashi ko an tsoma shi cikin shayi mai zafi sai ya yi laushi ya saki maiƙonsa. Kilishi ya fi tafiya da na biyu, domin yaji da tunkuza suna son zaƙi a bayansu. Nijar ta ɗauki kilishinta da muhimmanci har ta yi masa rajistar asali a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, tare da albasar Galmi, alhali mu a wannan ɓangare muna ta gardamar wa ya fi iyawa ba mu rubuta komai ba. Ita kuma ayar da ake watsawa a baki tsakanin kofi da kofi, jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta, kuma daga cikinta ake kai wa Sifaniya, inda mutanen Balensiya ke yin nasu kunun ayar. Watau abin da mai zaman shayi ke taunawa yana tofar da tuƙa, wani na can ƙetaren teku yana biyan kuɗin Yuro a kansa.

Wanda ya ce wannan zama zaman banza ne bai san iyaka ba. A Nijar ana ce masa fada, a Najeriya majalisa, kuma a nan ake sanin farashin buhun wake a Maraɗi kafin ya iso kasuwar Jibia ta Lahadi, a nan ake jin wace hanya ce ke da lafiya yau, wane jami'i aka sauya, wa ya ci amanar wa. Kasuwancin iyaka bisa yarda yake tafiya, mutum ya ba ka kayan miliyoyi ba takarda ba shaida, kuma yardar nan a bakin buta ake ƙulla ta. Kofi uku lokaci ne isasshe na karantar mutum. Ga kuma zumunci. Tun da sarautar Haɓe ta bar Birnin Katsina bayan jihadi a 1807, zuriyarta ta je ta kafa Maraɗi, har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Layin da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na ashirin ya ratsa ta tsakiyar dangi ɗaya ne. Idan ɗan Jibia ya zauna da ɗan Madarunfa, kafin a sauke na biyu an gano kakar wani ƙanwar kakan wani ce.

Sai dai buta tana da rauni, kuma raunin a jikin kayanta yake. Ganyen daga ƙasar Sin yake zuwa. Shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya riƙa sauka, ya biyo ta Gaya zuwa Maraɗi, sannan ya gangaro kudu. Sukarin ma, ko da an tace shi a Legas, ɗanyensa akasari daga Barazil ake shigo da shi. Don haka duk tarin da siyasa ta yi, buta ce ke fara kamuwa da mura. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibia ba ta cikin jerin, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙamewa har zuwa Maris ɗin 2024. A tsakanin nan naira ta faɗi warwas, sefa kuwa tana ɗaure da Yuro ba ta motsa ba. Kilishi da cukwi da dabino, duk abin da ake saye da sefa, suka koma kayan marmari. Fadodi da yawa sun ci gaba da zama, amma da shayi tsura, an rage ganye an ƙara ruwa.

Kalacin gida labarinsa daban ne, domin daga ƙasar da ake takawa yake fitowa. Gero da dawa da wake amfanin gonar yankin ne, kuka da kuɓewa da daddawa ma haka, tumatir da attarugu kuwa ana samun na rani daga fadamun da madatsar ruwa ta Jibia ke shayarwa, a kan kogin nan da ke wucewa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. Ɗumame shi ne sarkin wannan fage, ko da yake ba a yi masa kirari. Tuwon da ya kwana ya yi tauri, a yayyanka shi cikin miyar kuka, a bar shi ya tafasa har miyar ta ratsa shi, a zuba man shanu da yaji. Wanda ya ci wannan ya tafi gona ko lodin buhuna, ba zai waiwayi abinci ba sai Azahar ta gota. Sharaɗinsa guda ne, a tafasa shi sosai, musamman a watannin bazara lokacin da miya ba ta da wuyar lalacewa.

Koko da ƙosai kuwa aiki ne na kwana biyu da ake cinyewa cikin minti goma. Tun jiya aka jiƙa gero, aka kai niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, aka tace, aka bar gasarar ta kwanta ta yi tsami. Wake kuma a surfa shi, a wanke a fitar da dusa, a markaɗa da albasa da attarugu, a buga shi da hannu har ya tashi, in ba haka ba ƙosan ya yi nauyi ya sha mai. Masana abinci sun tabbatar da abin da iyayenmu mata suka daɗe da yi ba tare da sun karanta ba: sinadarin gina jiki da gero ke da ƙarancinsa akwai shi a wake, wanda wake ke da ƙarancinsa akwai shi a gero, don haka haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai. Tsamin gasara ma yana sauƙaƙa wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga hatsin. Shayi mai kauri kuwa akasin haka yake yi, in aka sha shi a kan abinci yana rage abin da jiki zai ɗauka na ƙarfen, ga sukarin da ake loda masa wanda ba mai aunawa.

Kada a ɗauka tukunya ta tsira daga iyaka ɗungurungum. Waken Nijar ne ke cika kasuwannin Katsina da Dawanau, hatsin Najeriya kuma shi ke ceton Nijar a tsakiyar damina kafin sabo ya fito. Matsalar abinci ta 2005, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, ta nuna yadda farashi a wannan gefe ke taɓa akushi a wancan. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da gero da dawa da wake da masara da shinkafa, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, mai ƙosai a Jibia ta ji a kwanonta. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta hana ƙauyuka da dama noma, har a 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya. Mutanen da suka baro gidajensu suka shigo gari, ba butar shayi suka fara nema ba. Bambancin shi ne tukunya tana da dabarun lanƙwasawa: babu wake a yi kunun tsamiya, babu gero a dama na masara, babu mai a kwaɗa zogale da ƙuli. Buta in ba ganye ba sukari, zance ya ƙare.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi a fada ba: wa ke ci? Zaman shayi na maza ne, manya da samari. Kilishin da aka saya aka buɗe a can ba safai ragowarsa ke isa gida ba. Kalacin safe kuwa kowa na da rabo, daga tsohuwa har yaron da aka yaye. Ko a gidan da ba a hura wuta da safe ba, kuɗin ba ya yin nisa. Za a ba yarinya kwano a ce, "Je ki gidan Inna ki ce a zubo koko, a sa ƙosai masu zafi." Innar nan daga cikin gidanta take sana'arta, da ribar take zubin adashi, da ita take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Kuɗin ganye kuwa rabinsa ya kama hanyar teku. Amma fa a faɗi gaskiya, arhar ɗumame da koko a bayan mace take. Ita ke surfe, ita ke tankaɗe, ita ke shaƙar hayaƙin itace da duku-duku, kuma ba a lissafa wannan a cikin kuɗin cefane. Mai dafa shayi ana yaba masa a kan kumfa, ita kuwa sai ranar da gishiri ya yi yawa ake tunawa da ita.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji masu iya magana, kuma garin iyaka da babu fada a cikinsa ciniki ba zai yi armashi ba. Ina son kofi na biyu da cukwi gasasshe, ba zan ɓoye ba. Amma in an ce a zaɓi ɗaya, tukunya ce ta yi rinjaye, kuma ba da ƙaramar rata ba: ta fi ƙosarwa, ta fi jure rufe iyaka, ta fi yawan bakunan da take ciyarwa. Maigida, kafin ka tura yaro sayen ganye da sukari gobe, ka fara ajiye wa uwargida kuɗin wake da na itace.