Kafin ka taɓa ɗan dara: Yadda muka warware kacici-kacicin yini a Digil

Da la'asar sakaliya, a Digil da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, na tarar da dara biyu ana yi a inuwa ɗaya. Dattawa sun haƙa gurabu talatin a ƙasa, wannan da tsakuwa goma sha biyu, wancan da karare goma sha biyu, kowa na neman jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. A gefensu kuwa ƙanena, ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, ya duƙufa kan waya yana kokawa da darar Turawa, wato ces, wadda malamai suka sani a littattafan fiƙihu da sunan shaɗaranji.

Manyan dandalolin wasan, irin su Lichess da Chess.com, kan fitar da kacici-kacici ɗaya kowace rana. Za a ajiye maka wasa a tsakiyarsa, a ce tafiya taka ce, ka nemo wadda ta fi kowace. Na zo hutu ne daga Abuja, ban yi niyyar sa baki ba, amma wanda ya nuna mini ranar ya riƙe mu har aka kira magariba.

Yadda allon yake

Allon na da gidaje 64. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8. Fari na da sarki a h1, sarauniya a b3, doki a g5, da dakaru biyu a g2 da h2. Baƙi na da sarki a h8, sarauniya a d2, hasumiya a a8, da dakaru a g7 da h7. Fari ke da tafiya.

Halin da fari ke ciki ba mai daɗi ba ne. Sarauniyar baƙi na shirin cinye dokinsa, kuma idan ta sauka e1 sarkinsa ya mutu, domin dakarunsa sun toshe masa hanyar gudu.

Nan take ƙanena ya kai yatsa zai janye doki zuwa f3. A ido ba ta da aibi: dokin ya tsira, ya tsare e1, ya kuma kai wa sarauniyar baƙi hari. Tafiya ɗaya, amfani uku. Wani kawunmu da ke zaman jiran layi a darar gargajiya, wanda bai san tafiyar ko ɗa ɗaya a wannan allo ba, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, ka tambayi wancan abin da zai yi?"

Da muka tambaya, amsar ta ba mu kunya. Hasumiyar baƙi za ta gangaro a1 ta kai wa sarki hari. In doki ya koma g1 ya tare, ta cinye shi. Sarki ya cinye ta. Sarauniya ta sauka e1, shi ke nan. In kuwa da sarauniya aka tare, ita aka rasa. Tafiyar da ta fi kama da tsira ita ce ke kai fari kushewa. Dara ta ci gida.

A jera su tukuna

Gwanin wasan nan na Tarayyar Sobiyet, Alexander Kotov, shi ya yayata dabarar da ake bi a irin wannan hali, a littafinsa da aka fitar da Turanci a 1971. Ya ce kafin mutum ya nutse cikin lissafin tafiya ɗaya, ya fara jera duk waɗanda suka cancanci a duba, sannan ya bi kowace zuwa ƙarshenta. Masu koyarwa kan ƙara da cewa a fara da tafiyar da ke tilasta wa abokin karawa: hari kan sarki, sai cin ɗa, sai barazana. Dalili shi ne, iya ƙarancin amsoshin da ya rage masa, iya sauƙin lissafinka.

Haka muka yi. Ta fuskar barazana, sarauniya na iya zuwa h3 da nufin kashe sarki a h7, amma baƙi zai riga ta da e1. Ta fuskar ci, doki na iya cin dakaren h7, sakamakon dai ɗaya ne. Buɗe wa sarki ƙofa da tura dakare zuwa h3 kuwa asarar doki ce a banza. Saura hari kan sarki, kuma guda uku ne. Sarauniya zuwa b8, hasumiya ta cinye ta. Sarauniya zuwa g8, sarki ya cinye ta, tunda ba mai tsaron gidan. Na uku shi ne doki zuwa f7.

A nan allon ya buɗe. Sarkin baƙi ba shi da mafita sai g8. Doki ya yi tsalle zuwa h6, hari ya zama biyu a lokaci guda, daga doki da kuma sarauniyar da ya buɗe wa hanya. Irin wannan ba a tare shi, dole sarki ya motsa. In ya nufi f8, sarauniya ta sauka f7 ta gama da shi. In ya koma h8, sai a dawo da tafiyar da muka yi watsi da ita ɗazu: sarauniya zuwa g8. Yanzu doki na tsaron gidan, sarki ba zai iya cin ta ba, tilas hasumiya ta ci. Doki ya dawo f7. Sarki na kewaye da hasumiyarsa da dakarunsa, ba inda zai sa ƙafa.

Wannan kisa tsoho ne. Yana cikin littafin da Luis Ramírez de Lucena ya buga a Salamanca ta Sifaniya a 1497. Abin lura shi ne, ba da sarauniya a g8 wauta ce a tafiyar farko, amma a ta uku ita ce nasara. Ashe tafiya ba ta da kyau ko muni a karan kanta, sai an duba lokacinta.

Ba baƙuwa ba ce a nan

Wasu kan ɗauki wasan a matsayin na Turawa zalla. Amma a 1934 jami'in mulkin mallaka C. K. Meek ya rubuta a mujallar Man cewa ana buga wani nau'insa a Borno, maƙwabciyar Adamawa, da sunan tsatsarandi, inda 'ya'yan ke ɗauke da sarautu irin su Mai da Ciroma da Kaigama.

A wannan zamani ma 'yan ƙasar nan sun yi suna a cikinsa. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Najeriya a 2017 saboda barazanar Boko Haram, ya lashe gasar yara ta Jihar New York a 2019 yana ɗan shekara takwas. Tunde Onakoya, mai koyar da yaran unguwannin talakawa a Legas, ya shafe sa'o'i 60 yana bugawa a Times Square a Afrilun 2024. Ga garin da ya ɗanɗana mamayar 'yan tada ƙayar baya a ƙarshen Oktoban 2014, kamar Mubi, ganin matashi zaune cikin natsuwa yana lissafi ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya shafi teburin ofis

Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya gano a bincikensa na 1946 cewa manyan gwanaye ba su fi matsakaita yawan tafiyar da suke lissafawa ba. Fifikonsu shi ne sanin waɗanda suka cancanci a duba tun farko. Wannan ido kuwa yawan gani ke samar da shi, shi ya sa ake fitar da kacici-kacicin kullum.

Duk wanda ya taɓa rubuta wa babban sakatare ko minista takardar shawara ya san tafiyar f3. Ita ce shawarar da ta fara zuwa zuci, mai kama da kare kowa, wadda ake miƙawa ita kaɗai ba tare da an rubuta martanin ƙungiyar ƙwadago ko majalisa ko kotu ba. Bambancin shi ne, a waya ana danna sakewa a gwada wata. Takardar da aka sa wa hannu kuwa albashin wasu da ayyukansu ne ke biyan kuskurenta.

Da ƙanena ya danna tafiya ta ƙarshe, ya juya wayar ya nuna wa kawu. Dattijon bai ko duba sosai ba, layinsa ya zo. Ya gyara zama gaban gurabun, ya ɗauki tsakuwa, ya riƙe ta a hannu ya daɗe bai ajiye ba.